Shanu Goma Sha Ɗaya da Motar Kwatano

A daminar 2008 ƙanwata ta kwana biyu tana naƙuda. A rana ta uku aka shimfiɗa mata katifa a amalanken shanu, aka nufi gidan likita na Damana da ita. An kwana ana ruwa, ƙoramar da ke tsakanin ƙauyenmu da hanya ta cika ta batse, sai da aka zauna bakinta aka jira ta janye. Da aka isa Damana aka ce sai asibitin Filinge, don abin ya kai ga tiyata. Ita Allah ya tashi kafaɗunta. Jaririn bai zo da rai ba. Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, kawu ya tara mazan gida a ƙofar zaure bayan sallar isha'i, ya ce gidan nan zai sayi mota, ko da garke zai ƙare.

Wanda bai san Tondikandiya ba zai ɗauka maganar mota magana ce ta jin daɗi. Ƙasarmu tana kwance ne a kwarin Dallol Bosso, tsohon gadon kogi da ya ƙafe tun zamanin da, rairayi a ƙasa, jajayen duwatsu a tsaye gefe da gefe. Sunan ma daga nan ya fito, don tondi dutse ne da Zabarmanci. Kwalta guda ce ta ratsa, wadda ta taso daga Yamai ta bi Hamdallai da Balleyara ta nufi Filinge da sauran ƙasar Kurfai, tafiyar kilomita 180 ko kusa da haka. Fandu, garin Janar Seyni Kunce da ya mulki Nijar daga 1974 zuwa 1987, a cikinmu yake, amma yawancin ƙauyukanmu sun yi wa kwalta nisa. Da rani yashi ne mai haɗiye taya, da damina laka da ƙoramu. Ƙaramar mota ba ta shiga. Sai kat-kat, mai ja da ƙafa huɗu.

Fiye da shekara aka yi ana haɗa kuɗin. Kowace Lahadin da kasuwa ta yi kyau sai a kora sa ɗaya ko biyu zuwa Balleyara. Shanu goma sha ɗaya suka tafi, har da wata jar saniya irin ta Azawak da kawu ke ji da ita kamar ɗiya. Mata suka kawo kuɗin awaki da na gujjiya. Wata gwaggonmu da ta daɗe da takaba ta kwance bakin zanenta ta ajiye jika biyar, ta ce ita ma a sa ta cikin lada. Ni aka zaɓa in tafi Kwatano saboda ni ne malamin lakkol, ina jin Faransanci, na iya karanta takarda. Kawu ya gindaya sharaɗi ɗaya, cewa ba zan tafi ni kaɗai ba, sai da wani dattijon makaniki na Filinge da ya yi shekara talatin kwance ƙarƙashin motocin 'yan kasuwar Abala da Sanam. Baba muke ce masa. Bai taɓa zama a aji ba. A raina na ga kuɗin motarsa da na abincinsa asara ne, amma ban furta ba.

Mun sauka Kwatano a tsakiyar Nuwamban 2009, saura kwana kaɗan Babbar Salla. Muka yada zango a unguwar Zongo, inda Hausa da Zabarmanci ke tashi ko'ina kamar kana Yamai. Da safe 'yan kabu-kabu masu rawayar riga, waɗanda suke kira zemijan, suka kwashe mu zuwa filayen motoci na Sekanji da Ekfe, a kan hanyar Porto Novo. Ban taɓa ganin ƙarfe da yawa haka ba. Motoci ne jere iya ganinka, an sauko da su daga jiragen ruwa, yawancinsu daga tashar Antwerp ta Beljiyam, Turai ta gama da su ta turo mana. Manyan masu filayen galibi 'yan Labanan ne, dillalai kuwa namu ne, yaran Doso da Tawa da Maraɗi, kowa na jan hannun rigarka yana ce maka Alhaji tun ba ka ga Makka ba. Daga nan ne motocin da mutanen Kano da Sakkwato ke ce wa 'yan Kwatano suke fitowa.

A rana ta biyu na gan ta. Land Cruiser ce fara, ƙirar 1993, injin gazuwal mai silinda shida, lita 4.2. Fenti na sheƙi, kujeru ba yagewa, na'urar sanyi na busawa kamar iskar hunturu. Agogon tafiya ya nuna kilomita 168,000. Dillali ya ce ta wani tsohon likita ce da ba ya fita da ita sai ƙarshen mako. Na zauna a kujerar direba na kama sitiyari, zuciyata ta gama ciniki tun kafin a ambaci kuɗi.

Baba bai ko leƙa cikinta ba. Ya ce mu dawo gobe da asuba, kuma kada kowa ya tayar da ita kafin mu zo. Dillali ya ɓata rai. Washegari Baba ya fara ɗora tafin hannunsa a kan inji don ya tabbatar da sanyinsa, sannan ya sa aka tayar, ya koma baya ya tsuguna yana kallon hayaƙi. Ya dawo ya kwance murfin baƙin mai, ya aza shi a bakin ramin ba tare da ya murza ba, yana duba ko iskar da ke fitowa za ta sa shi rawa. Bai yi rawa ba. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi da sukudireba, na riƙa jin yana ƙwanƙwasa ƙashin motar daga gaba har baya. Daga baya ya bayyana mini cewa Turawa na watsa gishiri a hanyoyinsu lokacin ƙanƙara, gishirin nan ke cin ƙarfe ta ciki, sai ka ga mota fes a sama alhali ƙashinta ya zama kamar busasshen ƙosai. Wannan tsatsarta ba ta yi zurfi ba. Da ya fito, ya buɗe ƙofar direba ya ɗaga ta sama kaɗan ya saki, ta yi ƙasa. Ya shafa robar birki da ta kuloci da babban yatsa. Ta kuloci ta cinye har ƙarfe ya leƙo.

Ya ja ni gefe ya ce, "Malam, injin nan lafiyayye ne, ƙashi ma ba laifi, a saya. Amma ƙafar da ta cinye robar can ta yi tafiyar da ta fi abin da agogon nan ke faɗi. Ka ba ni kwana biyu a garin nan. In sauya kuruwa, in juye mai, in sa sababbin matatai, in wanke radiyata. Sannan mu kama hanya."

Kuruwa ita ce bel ɗin roba mai haƙora da ke ɓoye cikin murfi a gaban inji. Ita ke daidaita buɗewa da rufewar bawuloli da hawa da saukar fistan. In ta tsinke ana cikin tafiya, fistan ya taso ya iske bawul a buɗe, sai su yi karo. Masu ƙera wannan injin sun ce a sauya ta duk kilomita 100,000, har sun sa wata 'yar fitila a gaban direba da ke kamawa in lokacin ya yi. Na duba, fitilar ba ta kama ba. Na ɗauko alƙalami na yi wa Baba lissafi a bayan kwalin sigari: an sauya a dubu ɗari, ba a sake sai dubu ɗari biyu, ke nan muna da sauran kilomita 32,000, gida kuwa duka bai kai 1,300 ba. Lissafin daidai yake. Lambar da na ɗora shi a kanta ce ƙarya, kuma mutumin da ya san haka yana tsaye gabana.

Na kawo masa wasu dalilai ma. Motocin da za su ƙetare zuwa Nijar ba a sakinsu ɗai-ɗai, ayari ake yi da rakiyar duwan har iyaka, namu ayarin kuwa washegari zai tashi. Kuɗi sun ja baya bayan ladan dillali da na mai fitar da takardu. Duk wannan gaskiya ne. Amma shekara da shekaru ina juya abin a raina, na san ba su ne suka hana ni ba. So nake in shiga filin idi da motar nan, a ce ga malam ya dawo. So nake kuma in miƙa wa kawu sauran canji gaban jama'a, a ce ɗan boko ya iya tattali. Baba ya dube ni ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma gara a fafe ta ranar da a tafi da ita haka. Na ce masa in mun isa Filinge ya yi duk abin da ya ga dama. Ya yi shiru, ya je ya sayo jarka biyu ya cika da ruwa, da igiyar ja mai kauri, da kuɗin aljihunsa.

Ranar farko hanya ta yi daɗi. Muka wuce masu abarba a Allada, muka ratsa Bohikon, duwatsun Dasa suka fito suka shige, muka bi ta Sabe. Motar tana tafiya kamar ruwa. Na so in kunna rediyo, Baba ya ce in bari, yana sauraro ne. Haka ya zauna wuni guda, kansa a karkace, hannunsa ɗaya a kan allon gaba. Muka kwana Faraku, inda layin dogon da ya taso daga Kwatano ya tsaya, bayan tafiyar kilomita ɗari huɗu da 'yan kai. Da daddare na ce masa, "Baba, ka gani ko?" Ya ce, "Allah ya kai mu lafiya, Malam."

Washegari da hantsi mun wuce Ndali da Bembereke, dazuzzuka sun fara sirancewa, gonakin auduga sun yi fari, iska ta fara ƙamshin gida. Mun bar Gogunu a baya, Kandi na gaba, sai na ji wani ɗan sauti daga gaba kamar an karya karan dawa. Ba ƙara ba ce mai firgitarwa. Inji ya ɗauke, sitiyari ya yi nauyi, na lallaɓa muka gangara gefen hanya. Na kai hannu ga makulli zan sake tayarwa, Baba ya damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban san yana da shi ba. "Kada ka taɓa. Abin da ya rage kada ka ƙarasa shi."

Ayari ya wuce ya bar mu. Wata babbar mota ce ta ja mu da igiyar nan ta Baba har wani gareji a Kandi, ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Da aka kwance murfin, kuruwar ta fito a tsinke, haƙoranta sun zube a ƙasan murfi kamar tsabar wake, bayanta duk ya tsattsage don tsufa. Baba ya ɗauki murfin yana gogewa da tsumma, sai ya tsaya. A gefensa akwai wata 'yar takarda manne, baƙin mai da ƙura sun rufe ta. Ya murje ta da yatsa har rubutu ya fito, ya miƙo mini. "Ga karatu nan, Malam. Karanta mana."

Wani gareji ne na Turai ya manna ta ranar da ya sauya kuruwar. An rubuta shekarar 2001, an rubuta kilomita 205,000. Wato shekara takwas kafin in ga motar ta riga ta wuce lambar da agogonta ke nuna mini, kuma Allah kaɗai ya san abin da ta ƙara bayan nan. Wani hannu, a can ko a nan, ya mayar da agogon baya, fitilar gargaɗin kuwa da agogon take lissafi. Takardar tana nan tun a Kwatano, taku ɗaya daga inda na tsaya ina lissafi a kwalin sigari. Ni da aka aiko don na iya karatu ban sunkuya na leƙa ba, don kada rigata ta ɓaci.

Bawuloli sun lanƙwashe, sandar da ke tura su ta karye gida biyu. Babu kayan a Kandi. Baba ya hau motar haya ya koma Faraku, bai samu duka ba, ya zarce Kwatano, tafiyar da ƙafafunsa masu ciwon sanyi ba su so ba. Takardar wucewarmu tana da wa'adi, sai da na yi ta zirga-zirga aka sabunta ta. Kwana goma sha ɗaya muka yi. A Kandi muka yi Salla. Wani mahauci na zango, wanda kakansa ya zo daga ƙasar Arewa ta Dogonduci, shi ya ba mu ɗaki, ranar layya ya aiko mana da cinya guda da tuwon shinkafa, matarsa ta wanke mana tufafi. Na tsaya a sahun idi cikin mutanen da ban sani ba, hawaye na zubo mini, ba don kewar gida kaɗai ba. A daren jajibiri na kira kawu na gaya masa sai an ƙaro kuɗi.

Shanu biyu aka ƙara kai wa Balleyara, a makon da kowa ya gama kashe kuɗinsa a Salla, kasuwa ta faɗi. Sai da na dawo na ji cewa ɗaya daga ciki ta ƙanwata ce, karsanar da aka ba ta ranar aurenta. Ita da kanta ta ce a kai.

A nan ne abin ya fi yi mini ciwo, har yau. Da kuɗina ne, da sai in ce ƙaddara ce ta faɗa wa aljihuna. Amma abin da na yi caca da shi a Sekanji shanun mutane ne, da jika biyar ɗin gwaggo. Wanda aka ba amana ba shi da ikon yin arha da ita don a yabe shi. Kayan da Baba ya nema a Kwatano ba su kai kuɗin ɗan maraƙi ba, na hana, aka biya da manyan shanu biyu. Kuma ban yarda a ce laifin boko ba ne, don rayuwata duka a kan koya wa yara karatu da lissafi ta ƙare, ban yi nadamar ko rana ɗaya ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne lamba hannu ne ke rubuta ta, hannu kuwa yana iya ƙarya. Robar kuloci da ƙofar da ta saki ba mai iya mayar da su baya. Baba su yake karantawa, ni kuwa na ɗauka wanda bai riƙe alƙalami ba ba ya karatu. A kwana goma sha ɗayan nan bai taɓa ce mini "ai na gaya maka" ba. Da ya faɗa, da wataƙila na sami abin yin fushi da shi, na huta.

Sauran tafiyar ba ta da labari mai yawa. Malanbil, gadar kogin Kwara, Gaya da layin duwan, sai kilomita 150 zuwa Doso. A Birnin Gaure muka ratsa Dallol Bosso, kwarinmu ne dai a can kudu, Baba ya nuna giginyu ya ce ƙamshin gida ke nan. Wajen Kure muka hangi raƙuman dawa uku suna kiwo a nesa da hanya. A Yamai muka ƙara kwanaki kan lamba da inshora, sannan muka kama hanyar Filinge.

Bayan Balleyara da muka sauka daga kwalta, Baba ya ce in tsaya. Ya kai ni ƙafafun gaba ya nuna mini maɗaurin da ke tsakiyar kowace taya, ya sa na murɗa su da hannuna. Ya sa ɗan tsinke ya rage iskar tayoyi huɗu har suka ɗan baje, ya ce taya mai tauri haƙa take yi, mai laushi kuwa tafiya take a kan yashi kamar tafin raƙumi. Ya nuna mini ƙaramin giya, ya ce in na shiga rairayi kada in sauya giya a tsakiya, kada kuma in taka da fushi. Wannan karon duk abin da ya ce na yi. Muka haye ƙoramar nan da ta tsare ƙanwata, a bushe take ƙaƙas, motar ta ratsa ta ba ta ko yi nishi ba.

Daga baya hanyar da muka bi ta toshe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da haɗari. A arewacin Tilaberi ma irin wannan motar ta zama abin da masu bindiga ke kwaɗayi, mai ita ba ya tafiyar dare kamar da. Samari kuwa sun daina zuwa ma. Hoto ake turo musu ta waya, fenti na sheƙi, da hoton agogo, su aika kuɗi. Watannin baya wani ɗan ɗan'uwana ya kawo mini irin wannan hoton yana murna, lambar agogon ya fara nuna mini. Na ce ya zauna, na ba shi labarin Kandi tun daga farko, na ce ya nemi wanda zai kwanta ƙarƙashinta kafin ya aika ko dala.

Ranar da muka iso gida da motar, yara sun tarye mu tun daga bakin rijiya, mata na guɗa, maƙwabtanmu Zabarmawa na ta fofo da sannu da zuwa. Ban ji daɗin ko ɗaya ba sai da na sauke abin da ke raina. Bayan isha'i, a ƙofar zauren nan da aka yanke shawara, na zayyana wa kawu da sauran maza komai: abin da Baba ya nema, abin da na ce, da dalilin da ya sa na ce. Baba ya so ya rufa mini, ya ce ƙarfe ba shi da tabbas. Na ce a'a Baba, ka faɗa, ni na ƙi. Kawu ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, "To, ɗiyana. Saniyar ƙanwarka bashi ce a kanka." Shekara uku na yi ina cirewa daga albashi kafin na mayar mata da karsana. Ya ƙara da cewa tunda agogon motar maƙaryaci ne, ni da na iya rubutu in zama agogonta, Baba kuma shi ke da ta cewa kan ranar da za a taɓa inji.

Washegari na ɗauko sabon littafin 'yan lakkol mai shafi ɗari, na ja layuka da rula: rana, inda aka je, nisan tafiya, man da aka sha, abin da aka sauya. A layin farko na rubuta ranar da aka sa sabuwar kuruwa a Kandi. Layi na biyu bayan kwana huɗu ya zo, ƙarfe ɗayan dare, da aka buga mana ƙofa. Wani yaron Fulani ne maciji ya sara a rugarsu, ƙafa ta kumbura har gwiwa. Kafin kiran assalatu muna ƙofar asibitin Filinge, ubansa na riƙe da kansa a kujerar baya. Bayan mako guda ya dawo gida a kan ƙafarsa, yana ɗingishi kaɗan.